Ranar da Bos Ya Yi Gida

Da sunan Allah nake ɗaukar alƙalami, Shi da Ya raya ni har na ga sana'ata ta koma cikin waya.

Kwanan baya na tsaya a shagon wani matashi mai tura finafinai a nan Gaya, aka gaya masa cewa ni tsohon mai fassara ne. Ya yi dariya ya ce, "Baba, ai aikinku ba wuya. Ka kunna fim, ka yi ta surutu, in ka yi kuskure ka goge ka sake." Na ce masa ku ne kuke da gogewa. Mu a gaban jama'a muke yi, fim yana tafiya, baki yana tafiya. Abin da ya fita daga bakinka ya fita, kuma gobe da shi za a yi hira a kasuwa.

Gidan kallon da na yi aiki na maigidana Isiyaku ne, a bayan tasha. Zana ce aka kewaye, aka yi rufin kwano, aka jera bencina. Talabijin tana kan tebur mai tsawo, bidiyo a ƙarƙashinta an lulluɓe shi da tsohon rawani. Janareta kuwa rami muka haƙa masa can nesa, don kada ƙararsa ta cinye muryata. Ni wurina gefen talabijin ne, a tsaye. Hannun dama makirufo, wanda muka sa wa safar ƙafa saboda hucin baki. Hannun hagu yana kan abin ƙara murya: in zan yi magana in rage, in an fara harbi in ƙure. A aljihu akwai citta da kanumfari saboda maƙogwaro.

Mahaifina malami ne, a zaurensa na koyi karatu da rubutun ajami. Da Isiyaku ya zo neman a ba shi ni, saboda ya ji muryata a wajen wani ɗaurin aure, mahaifin nawa ya gindaya masa sharuɗɗa. Ya ce ya yarda, amma kada kallo ya shiga lokacin sallah, kada a nuna tsiraici, kuma kada in ɗora wa kowa maganar da bai faɗa ba, ko da kafiri ne a cikin akwatin talabijin. Na ƙarshen nan shi ya fi ba ni wahala.

Wata uku Isiyaku bai bar ni na taɓa makirufo ba. Aikina goge kan bidiyo da auduga, da mayar da kaset baya da bakin cokali don kada a wahalar da inji, da liƙe zaren kaset in ya tsinke. In an fara kallo sai ya zaunar da ni ina fuskantar mutane, bayana yana ga talabijin. Ya ce, "Fim kowa ya iya kallo. Kai fuskoki za ka koya." Daga nan na gane lokacin da mutane suka ɓata a cikin labari, da lokacin da suke so a yi musu shiru.

Ranar da ya fara miƙa min makirufo, fim ɗin 'yan Sin ne. Aka kaure da faɗa, ni kuma na dage ina bayani, wane ya kai naushi, wane ya goce. Sai ɓawon gyaɗa ya fara sauka a kaina. Tanko mahauci, wanda bencin gaba kamar gadonsa ne, ya ce, "Malam, muna da ido! Bar mu mu ji dukan!" Tun ranar ban ƙara fassara naushi ba.

Indiyanci da kunne muka tsince shi. Turanci kuwa ban iya ba, har yau. Akwai Malam Modu, malamin firamare, mutumin kirki mai saurin magana. In sabon kaset na Turawa ya zo, sai mu zauna da shi da hantsi ranar da ba makaranta, yana faɗa ina rubutawa da ajami, don hannuna ya fi gudu a nan. Kowane kaset da takardarsa a ninke cikin kwalinsa. Ku da ba ku yi ajami ba, bari in gaya muku wani abu. Baƙaƙe su ne jikin kalma, wasali kuwa 'yan alamomi ne da ake ɗorawa sama ko ƙasa, su suke gaya maka a ce "ga" ko "gi" ko "gu". Mai sauri yakan bar su, ya dogara da cewa zai tuna. Malam Modu ba ya jira, saboda haka takarduna yawancinsu ba wasali.

Masu kallonmu manoma ne da direbobi da mahauta. Ranar kasuwa mutanen Balan da Gafasa sukan shigo bayan la'asar, mu tashi kafin magariba. Suna da doka guda wadda ba su yarda a taɓa ba: akta, wato jarumin fim, ya sha wuya yadda ya ga dama, amma bos, babban mugun, dole ya mutu a ƙarshe. Kuma mutuwa mai kyau, wadda za a gani da ido.

Wata rana Isiyaku ya dawo daga Kano da buhun kaset, a ciki aka yi kuskuren haɗo mana wani fim na yaƙin 'yan sama jannati. Ba waƙa, ba doki, ba ma ƙasar da za a taka. Na sha aiki a kansa. Kalmar kumbo ba kowa ya san ta ba, sai na nemo abin da suka sani. Babban jirgin bos, mai faɗin ciki da tsinin kai, na kira shi rumbu. Ƙananan jiragen da suke fita daga cikinsa na ce fara ce. Duniyoyin da suke sauka na ce garuruwa. Da haka mutane suka bi labarin har ƙarshe, inda akta da mutanensa suka yi wa rumbun taron dangi, wuta ta kama shi ta ko'ina. Sai aka nuno bos, wani dogo mai furfura da tabo a kumatu, ya shiga wani ɗan jirgi kamar ƙwai, ya sulale ta ƙarƙashi, ya yi ta ƙanƙancewa cikin taurari har ya ɓace. Rubutu ya fara hawa.

Gidan ya rikice. Wasu suka ce mun yanke kaset. Tanko ya ce layar zana ce da bos, shi ya san irinta. Wani direba ya ce a'a, man akta ne ya ƙare, kuma duk wanda bai cika tanki ba kafin doguwar tafiya haka zai gani. Wani ya ce ai da gani 'yan uwa ne, nono ɗaya suka sha. Na ce musu Malam Modu ya ce an bar shi ne don a yi kashi na biyu a sayar. Tanko ya miƙe ya kakkaɓe riga ya ce, "Wato saboda ciniki aka bar azzalumi da rai? Allah wadai." Isiyaku ya jefa kaset ɗin ƙasan akwati, ba mu ƙara waiwayarsa ba har shekara huɗu.

Sai muguwar shekara ta zo. Ruwan sama ya ɗauke lokacin da gero yake cikin fitar da kai. Samari suka watse cin rani tun kafin a gama ɗan girbin da aka samu. Aka mayar da Malam Modu wata makaranta a Ajingi. Isiyaku ya kwanta ciwo, 'ya'yansa suka tafi da shi Kano, ya bar min gidan. Sabon kaset babu, tsofaffin kuma danshin damina ya sa musu fumfuna, in ka sa sai ka ga hoto yana yayyafi. Waɗanda suka rage da lafiya mun nuna su har mutane suna riga ni faɗin magana. Dole na tono fim ɗin sama jannatin nan, shi da ba a ƙara taɓa shi ba, fes yake.

A cikin 'yan mutanen da suka rage mana akwai Ya'u mai faci. A bakin tasha yake aiki, ƙarƙashin wata darbejiya, da famfonsa da bahon ruwa. Mutumin Toranke ne, kuma kowa ya san labarinsa, amma ba mai yin sa a gabansa. Yana saurayi, bayan girbi, ya kunna wuta zai gasa gyaɗa a bayan gida, abokai suka kira shi ya tafi ya bar ta. Iska ta kwashe ta. Rumbun mahaifinsa ya ƙone ƙurmus, da na maƙwabta biyu. Kafin a gama kashe wutar Ya'u ya bar gari. Shekara bakwai ke nan yana Gaya, motar Toranke tana tsayawa a gabansa kullum, yana yi mata faci, bai taɓa shigarta ba. Shi ne ɗan fari, ƙannensa mata ne duk sun yi aure, kuma direbobi suna faɗin cewa tsohon shi kaɗai yake noma, ga shekara ta zo a haka. Ya'u yakan ji, ya ci gaba da goga tayarsa.

Ranar da na sa fim ɗin, yana bencin baya wajen ƙofa. Na buɗe takardata, shekara huɗu rabona da ita, ina bi layi layi. Da aka zo yaƙin ƙarshe na ɗaga murya na ce, "Jama'a, rumbu ya kama da wuta!" Ban tuna da Ya'u ba sai da maganar ta fita. Na saci kallonsa, yana nan bai motsa ba. Ɗan jirgin ya sulale, wani daga cikin mutanen akta ya yi magana a firgice, na duba takarda. Abin da ke wurin kalma biyu ce: bos, sai baƙaƙe biyu tsirara ba wasali, "ga" da "da". Ba lokacin tunani. Na ce, "Ranka ya daɗe, bos ya yi gida!"

Aka kwashe da dariya. Tanko ya ce, "Gida? Wannan la'anannen har gida gare shi?"

Direban nan mai maganar tanki ya ce, "To daga sama ya faɗo? Kowa da uwarsa."

Tanko ya ce, "Ai kuwa in ni ne uwar, tuwon ma ba zan ajiye masa ba."

"Kai dai Tanko, Allah Ya sa ba kai ne uwar kowa ba."

Abin mamaki, wannan karon ba wanda ya ce an yanke kaset. Suka fita suna raha, kamar zuwa gidan ya isa hukunci. Ni kuwa ina ninke takarda na tuna muryar Malam Modu sarai. Cewa ya yi bos ya gudu. Gudu na rubuta, na karanta gida.

Ina alwalar magariba a bakin zana sai ga Ya'u ya tsuguna kusa da ni da butarsa. Bai taɓa yi min magana ba in ban da gaisuwa. Ya ce, "Malam, da gaske Baturen nan cewa ya yi gida?"

Ga amsa mai sauƙi a bakina. In na ce e, wa zai ƙaryata ni? Malam Modu yana Ajingi, kuma na ga abin da kalmar ta yi wa mutumin nan. Na ce, "Bari mu yi sallah tukuna."

Da muka idar na ja shi gefe na buɗe masa takardar, na nuna masa baƙaƙen. Na ce, "Ya'u, kuskurena ne. Ban sa wasali ba. Gudu aka ce, ba gida ba."

Ya daɗe yana kallon takardar, shi da ba ya karatu. Sannan ya ce, "To da ya gudu, ina ya je?"

"Ban sani ba. A nan kaset ya tsaya."

"An ce akwai na biyu."

"An ce. Ban gan shi ba, kuma ba zan ce maka na gani ba."

"Amma me ya sa aka bar shi? Akta ya saita shi fa, Malam. Ya ɗora yatsa, bai danna ba."

Na ce babu haka a fim ɗin. Ya ce akwai. Washegari da hantsi na tayar da janareta saboda shi kaɗai, muka mayar da kaset wurin. Ga shi kuwa, ɗan lokaci kaɗan kamar ƙiftawar ido: ɗan jirgin bos yana tsakiyar abin saiti, yatsan akta yana kan maɓalli, sai ya ɗauke hannunsa. Ni lokacin idona yana kan takarda, sauran jama'a kuma wuta suke kallo. Ya'u kaɗai ya gani.

Ya ce, "To me ya sa?"

Na ce, "Baturen bai faɗa ba, don haka ba ni da fassara. In maganata kake so, ba ta fim ba, ni dai abin da aka karantar da ni shi ne, muddin mutum yana numfashi ba a rufe littafinsa ba. Wanda aka bari da rai, an bar masa lokaci ne. Abin da zai yi da shi kuma, wannan ba a nuna mana ba."

Ya sa hannu ya kashe talabijin da kansa. Ya ce, "Babana ba ya karanta boko. Ajami yake karantawa." Ya juyo gare ni ya ce, "Za ka rubuta min wasiƙa gare shi? Amma don Allah, Malam, ka sa wasalin nan naka duka. Kada tsoho ya karanta wani abu dabam."

Na rubuta takardun finafinai ba iyaka, ban taɓa daɗewa a kan takarda kamar wannan ba. Na fere sabon alƙalami, na dama tawada. Ya'u ya fara da cewa iska ce ta yi yawa ranar, ya ce a goge. Ya sake farawa da cewa abokai ne suka kira shi, ya ce a goge. Na ce masa tawada ba ta goguwa, sai dai a sake takarda, kuma saura biyu gare ni. A ƙarshe abin da ya rage bayan gaisuwa layi uku ne: "Ni na bar wutar. Ina Gaya, bakin tasha. In an ce in zo, zan zo." Na bi kowane baƙi na ɗora masa wasalinsa, na karanta masa sau biyu, muka ba direban Toranke.

A kallo na gaba, kafin in kunna, na gaya wa jama'a cewa na yi kuskure, bos gudu ya yi. Tanko ya ce, "Haba Malam, ka bar shi a gidan mana, ya fi daɗi!" Daga ranar suka sa min suna Malam Gida. Akwai tsofaffin direbobi da har yanzu ba su san ni da wani suna ba.

Kasuwa ta ci, wata kasuwar ta ci, ba amsa. Direban ya ce shi dai hannu da hannu ya ba tsohon, ya karɓa ya sa a hula. Ya'u ya daina tambaya. Yana zuwa kallo yana zama a wurinsa na bakin ƙofa.

A kasuwa ta uku, muna tsakiyar wani fim ɗin Indiya, mai karɓar kuɗin shiga ya leƙo ya ce wani dattijo yana sallama, ya ce shi ba zai shiga irin wannan wuri ba. Na tsayar da kaset na fita. Wani ɗan siririn tsoho ne da sanda, rigarsa wankakkiya, duk ta sha ɗinki. Na durƙusa na gaishe shi. Ya ciro takardar daga hula ya ce, "Kai ka yi wannan?"

Na ce, "Ni ne, Baba."

"Hannunka da kyau. Wa ya koya maka?"

Na faɗi sunan mahaifina. Ya dubi zanar gidan kallon, ya dube ni, ya ce, "Allah Ya kyauta." Sannan ya ce, "Mai facin nan yana ciki?" Ɗan fari ne, ba zai kama sunansa ba.

Ban kai ga juyawa ba Ya'u ya fito. Ya cire takalmi ya durƙusa a ƙasa, kansa a sunkuye. Ya ce, "Baba, sannu da zuwa."

Tsohon bai dube shi ba, tasha yake kallo. Ya ce, "Yawwa. Ya aiki?"

"Da godiya, Baba."

"An ce ka iya faci."

"Ana taɓawa."

"To, tayar kekena ta sace tun kaka."

Ya'u ya ɗaga kai ya duba bayan tsohon, ya duba gefen hanya. Ya ce, "Ina keken, Baba?"

"Yana gida mana. Da turo shi zan yi tun daga Toranke?"

Ya'u ya tashi, ya manta takalmansa, sai da na bi shi da su. Ya je gindin darbejiya ya zubar da ruwan baho, ya haɗa famfo da gam da guntayen roba a buhu. Tsohon ya riga ya shiga mota ya zauna, ya ɗora sandarsa a kan kujerar da ke kusa da shi don kada wani ya zauna.

A ciki Tanko yana ta ihu, "Malam Gida, a ci gaba mana, rana tana faɗuwa!" Na bar shi yana yi. Sai da motar ta fita daga tasha ta ɗauki hanya, sannan na koma na ɗauki makirufo.